Wai da ido nake koyo, shi ya sa lakca ba ta shiga kaina?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a, Bayoloji nake karanta. Na yi wani gwaji a intanet ya ce wai ni da ido nake koyo, sai na ga hoto ko zane, malamanmu kuma bayani kawai suke zubawa a lakca. Ko shi ya sa nake faɗuwa tes? Ƙawayena kwana suke a aji suna karatu, ni ko goma ba na kaiwa barci ya kwashe ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Irin wannan gwajin yawanci daga tsarin VARK yake, wanda Neil Fleming na ƙasar Niyu Zilan ya fito da shi a 1987, ya kasa masu koyo gida huɗu, masu son gani, masu son ji, masu son karatu da rubutu, sai masu son yi da hannu. Son zane da kike yi gaskiya ne, ba mai musa miki. Amma a 2008 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi a kai, ba su samu gamsasshiyar hujja ba cewa in an koyar da mutum ta hanyar da ya fi so zai fi cin jarabawa. Don Allah kar ki bari gwajin minti biyar ya sa ki cire rai da lakca, wannan ne ya fi damuna a saƙonki.

Darasin ne ke zaɓar hanya. Zagayen jini kowa sai ya ga zane, sunayen halittu na Latin kuwa sai an ta maimaitawa da baki.

Ni abin da nake zargi shi ne kina ta bin handawut, wato takardun darasin da malamai ke rabawa, kina ja masa layi har ya zame miki kamar kin iya, alhali ido ne kawai ya saba da shi. Ki tuna hadda a Islamiyya, sai Malama ta karɓe Alƙur'anin ta ce kawo, a nan ake sanin ta zauna ko ba ta zauna ba. To ki rufe handawut ɗin, ki ɗauko farar takarda ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu da ka, ki sa kibiyoyin inda jini ke bi, sannan ki buɗe ki gyara inda kika kauce da jan biro. Ki sake jibi, ki sake bayan sati, ki haɗa da tsofaffin tambayoyin kwas ɗin. Binciken da wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, suka yi a 2006 ya nuna gwada kai irin haka ya fi sake karantawa riƙe abu bayan sati.

Batun kwanan aji kuma ki bar musu, barci na taimaka wa ƙwaƙwalwa ta ajiye abin da aka koya. Ki kwanta da wuri, ki gwada awa biyu bayan Asuba kullum kafin tes na gaba.