Yawon duba duwatsu a gaɓar tekun Ingila: me ya kamata in kiyaye?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Ingila. Za a kai mu gaɓar Dorset tare da jagora don duba duwatsu da burbushin halittun da suka daskare a cikinsu. Ban taɓa zuwa bakin teku ba. Ina haɗarin yake?

Amsa: Wurin da za ku je shi ne gaɓar Jurassic, mai tsawon mil 95 daga Exmouth zuwa Studland, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Haɗarinta biyu ne, kuma tare suke aiki: teku ta gabanka, gangaren dutse ta bayanka.

Ruwan teku yakan cika ya janye sau biyu a rana, tsakanin cika da janyewa kusan awa 6, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Don haka jadawalin jiya ba ya yi maka aiki yau. A fita lokacin da ruwa ke janyewa, a juyo da zarar ya kai ƙarshen janyewarsa. Abin da ke rutsawa da baƙi shi ne ruwan ba ya dawowa a layi ɗaya: yakan fara cika lungu ta bayanka, ya datse hanyar komawa kana can kana tsintar duwatsu. Idan wata ya tsaya ko ya cika, ruwan ya fi hawa sama. Jagora ya ce a juya, to a juya, ko da ka hango abin da ka zo nema.

Ruwa ya matso, sai mutum ya ja da baya zuwa gindin gangare, nan kuwa ya fi ko'ina haɗari. Gangaren garuruwan Lyme Regis da Charmouth da ke wannan gaɓar yumɓu ne mai shan ruwan sama, ya yi nauyi, ya zabtare ba gargaɗi. A 2012 zabtarewar dutse ta kashe wata matashiya a Burton Bradstock. Ka ba gangare tazarar da ta kai tsayinsa, kada ka zauna cin abinci a inuwarsa. Hular kwano tsakuwa kawai take tarewa. Sabon ɓaraguzai a ƙasa, ko ruwa na tsattsafowa daga jikin gangaren, alama ce ta a matsa.

Taɓon da ke malalowa daga Black Ven, gangaren da ke tsakanin Lyme Regis da Charmouth, samansa kan bushe, ƙasansa kuma ya riƙe ƙafa har gwiwa. Idan ka maƙale, kada ka yi ta fizga. Ka baje nauyinka, a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓar teku.

Takalmi ya zama mai rufe idon sawu, mai kama ƙasa, domin dutsen da gansakuka ta lulluɓe santsi gare shi. Ka riƙe rigar ruwa. In za ka fasa dutse, sa tabarau na kariya, ka yi amfani da gudumar da aka ƙera don dutse, ta kafinta takan ɓalle ta shiga ido. Dutsen da ya riga ya faɗo ake fasawa, ba a sarar jikin gangare.

A cikin karkara kuwa, ka yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi, ka sa dogon wando, ka duba jikinka da yamma saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme. In kana da asma ko ciwon sukari, faɗa wa jagora kafin a tashi.