Tambayi likitan dabbobi: ragon turka, saniyar rani da kaji masu haki

Salam jama'a, tambayoyin satin nan da yawa, na ɗauki uku.

Wani bawan Allah daga Kumo ya ce ya turke rago, ya cika masa masara da gero don ya yi saurin ƙiba, washegari ciki ya kumbura ya daina tuƙa.

Malam gaggawa ka yi. Cikin rago da akuya da saniya ɗaki 4 ne, babban shi ne tumbi, yana gefen hagu, kuma cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa da harawa su mayar da ita abin da jini zai ɗauka ya kai wa tsoka, yawancin ƙarfin ragon daga nan yake fitowa. To in ka zuba hatsi da yawa lokaci ɗaya sai tumbin ya yi tsami, halittun nan su mutu, tumbi ya tsaya, iska ta taru ba gyatsa. Wallahi raguna da yawa a haka ake asararsu kafin layya, abin yana min ciwo. Janye hatsin yanzu, ka ba shi harawa, ka kira likita ya gan shi yau ɗin nan, kuma kar ka yi masa ɗure don zai iya shiga huhu. In ya warke hatsi kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa har sati 2.

Wani daga Dukku kuma saniyarsa mai shayarwa ce ta rame da rani. Ko a kwance take jiki yana cin ƙarfi fa, zuciya na bugawa, ga numfashi, ga ɗumin jiki da sai ya tsaya wajen digiri 38 da rabi, ga nono, ga doguwar tafiya neman ruwa. In abinci bai kai ba sai jiki ya fara cin kitsensa, ya ƙare ya koma kan tsoka, shi ne ka ga haƙarƙari a waje. Ƙara mata dusa da ƙulin auduga da gishirin lasa, a duba ta ko da tsutsar ciki.

Hajiya daga Bajoga, kajinki da suke buɗe baki da rana zafi ne. Kaza ba ta gumi, jikinta kuma dama digiri 41 ne, da haki take fitar da zafi. Ruwa mai sanyi, inuwa, abinci da sassafe da yamma. Amma in da majina ko sun fara mutuwa kam, wannan ba zafi ba ne kawai, a kira likita.