Fatawa: Hukuncin ware wa yara wurin wasa a walimar aure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce daga Tudun Wada, Zariya. Za a aurar da ƙanwata bayan Babbar Sallah, kuma ni aka ɗora wa hidimar walimar mata. A bikinmu na bara yara sun ba mu wahala, har ɗan yayata ya ɓace, sai bayan Isha'i aka tsinto shi a bakin titi. Shi ne na yi niyyar ware musu gefe guda, in ɗauko hayar gidan roban nan da ake hura wa iska suna tsalle a ciki, a kawo 'yar tsana, 'yan mata su yi gaɗa, a watsa musu alewa. Kawunmu ya ce bidi'a ce da almubazzaranci. Wata ƙawata kuma ta ce in hutar da kaina, in rubuta "ban da yara" a katin gayyata. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya saka miki da kula da 'ya'yan mutane.

Abin da kika yi niyya halas ne, kuma ina fata ki samu lada a kansa, domin yaron da aka kawo gidan bikinku amana ce a wuyan uwarsa da wuyan mai hidima har ya koma gida.

Yara suna da gurbi a biki tun zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Imam Bukhari ya ƙulla babi sukutum a kan zuwan mata da yara wurin biki, ya kawo hadisin Anas cewa Annabi ya hangi mata da yaran Ansar suna dawowa daga biki, sai ya miƙe tsaye ya ce musu suna cikin mutanen da ya fi so. Haka Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin nata auren: ƙananan 'yan mata suna buga duffu, suna waƙen iyayenta da aka kashe a Badar, Annabi yana zaune. Da ɗayarsu ta rera cewa a cikinsu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe, sai ya ce ta bar wannan, ta ci gaba da abin da take faɗa a da. Ki lura da kyau, 'yar'uwa. Bai kori yaran ba, bai karɓe duffun ba. Kalma ɗaya ya gyara, wasa ya ci gaba. Wannan shi ne ma'aunin da za ki riƙe: babba yana kusa, kunnensa yana kan abin da yara ke faɗa.

Saboda haka maganar bidi'a ba ta taso ba. Wasan yara al'ada ce, ba ibada ba, kuma asali a al'ada halacci ne sai in nassi ya hana. Amma kada ki yi watsi da rabin maganar kawu. Idan sai kin ci bashi, ko kin taɓa kuɗin kayan ɗakin amarya kafin ki ɗauko gidan roban, to gaskiyarsa, ki bar shi. Tabarma biyu a inuwa, tulun ruwan sanyi, da wata gwaggo mai bakin tatsuniya, sun isa su riƙe yara daga La'asar har rana ta yi sanyi. Mu da muka tashi a cikin ganuwa, gaɗa da langa da carafke da kacici-kacici ne suka raine mu, babu wanda ya biya sisi. Idan kuwa Allah Ya hore miki, ki ɗauko, a kafe shi da kyau a ƙasa, a nisanta wayar janareta daga sawun yara, kuma kada a haɗa ɗan shekara 3 da ɗan shekara 10 suna tsalle tare.

'Yar tsana babu laifi. Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Annabi tare da ƙawayenta, kuma Alƙali Iyad, daga manyan malamanmu na Malikiyya, ya kafa hujja da wannan cewa an togace wasan yara mata daga hanin siffofi. Gaɗa ma haka, in dai baitukan masu tsabta ne. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta togace duffu a aure daga kayan kiɗan da ta hana halarta.

Inda zan tsaya in ja miki kunne shi ne watsa alewa. Wannan mas'ala tsohuwa ce, Shehu Halilu ya ambace ta a littafinsa na fiƙihu, Mukhtasar, a cikin bayanin walima, ya ce makaruhi ne watsa lauzu (wata ƙwayar itace da ake ci kamar gyaɗa) da sukari. Masu sharhi suka ƙara da cewa in har wani zai ƙwace abin da ya shiga hannun wani, ya zama haramun. Wanda ya taɓa ganin wawaso ya san dalili. Na tsaya a wata walima a Sabon Gari, aka watsa alewa a tsakar gida, manyan yara suka cika aljihu, wata 'yar ƙarama da sabon lalle a hannu aka taka mata yatsu, ta tashi da ƙasa a baki, ko ƙwaya ɗaya ba ta samu ba. Har aka tashi tana kuka a bayan uwarta. Ki ƙulla wa kowa nasa a leda, cincin da dubulan da alewa, ki zaunar da su, ki miƙa hannu da hannu. A nan za a tuna musu abin da Annabi ya koya wa yaron nan Umar ɗan Abu Salama: ya yi bisimilla, ya ci da dama, ya ci gabansa. In kuma an ce wanda ya zauna shiru za a ba shi abu, to a ba shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata uwa ta kira ɗanta za ta ba shi abu, Annabi ya gaya mata da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Abin da ya fi ci mini rai a bukukuwanmu na yanzu shi ne jawo yara tsakiyar fili, a sa yarinya 'yar shekara 6 ta yi rawar manya da waƙar da uwarta za ta ji kunyar fassara mata, ana yi mata liƙi, ana ɗauka a waya ana ɗorawa a intanet, sauran yaran suna rarrafe a ƙarƙashin ƙafafun masu rawa suna tsintar kuɗi. Wannan bai halatta ba, kuma zunubin yana kan manya. Gefen da za ki ware ya yi nesa da lasifika. Kada kuma a bar musu waya ta zama mai reno.

Batun "ban da yara", mai walima yana da hakkin iyakance wanda zai gayyata. Lokacin da wani sahabi, Abu Shu'aibu, ya gayyaci Annabi cikin mutum 5, wani ya biyo su, sai da Annabi ya nema masa izini. Duk wadda aka rubuta mata haka, ta mutunta. Amma ni ban zaɓa miki shi ba, domin zai hana mai goyo da wadda ba ta da mai tsaron gida zuwa, ya bar ƙorafi a cikin dangi. Kuma ki tuna da almajiran da za su tsaya a ƙofar gida da robobinsu, su ma yara ne. Mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Ki sa a zuba nasu tun farko, ba ragowar faranti ba.

Ki sa mata biyu masu haƙuri su tsaya a kan yaran, ɗaya ta riƙe ƙofa saboda masu babur da motocin kai amarya. Da an kusa Magariba a tattara su, a ƙirga, a miƙa kowa ga uwarsa, domin Annabi ya yi umarni a tsare yara a farkon shigowar dare, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Jabir. Ki je ki sami kawu da ladabi, ki karanta masa hadisin Rubayyi'u, ki kuma nuna masa lissafin abin da za ki kashe.

Wallahu a'alam.