Musanya layukan tsaye biyu na jadawalin lambobi a NumPy

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka musanya layin tsaye na farko da na uku a jadawalinka mai suna `a` na NumPy (kayan aikin lissafi na harshen kwamfuta na Python), ka rubuta `a[:, 0], a[:, 2] = a[:, 2], a[:, 0]`, sai duka biyun suka koma iri ɗaya.

Dalili shi ne idan ka yanko layi da `a[:, 0]`, NumPy ba ya kwafo lambobin. Taga kawai yake buɗe maka zuwa ainihin jadawalin. Don haka da zarar lambobin layi na uku sun hau kan na farko, tsofaffin sun tafi ke nan, kuma abin da aka mayar layi na uku nasa ne na da.

Rubuta haka:

`a[:, [0, 2]] = a[:, [2, 0]]`

Jerin lambobi a cikin baka, kamar `[2, 0]`, yana sa a fara yin kwafi kafin a rubuta komai. Ni wannan na fi so, domin gajere ne kuma a fili yake. Ka tuna ƙirga tana farawa daga 0.

In kuma jerin Python ne zalla, ba jadawalin NumPy ba, bi layukan kwance ɗaya bayan ɗaya:

`for layi in a: layi[0], layi[2] = layi[2], layi[0]`

A nan musanyar kai tsaye tana aiki lafiya lau.