Sienna ko jif mai layi uku? Amsoshin wasiƙun wannan mako

Wani magidanci daga Ƙofar Marusa ya rubuto cewa yana da mata da yara biyar, kuma mahaifiyarsa a gidansa take. Ya tara kuɗin mota, ya tsaya tsakanin Sienna da Highlander. Zuciyarsa ta kwanta da Sienna, amma abokansa na majalisa sun ce motar haya ce, ba ta dace da mutum irinsa ba.

Malam, ƙidaya kawunan da ke gidanka. Ku takwas ne. Highlander irin wadda aka fi samu a kasuwarmu, ta 2008 zuwa 2013, mutum bakwai take ɗauka, kuma layin nan na uku na ƙananan yara ne. Babba in ya zauna a can, gwiwarsa a ƙirjinsa za ta kwana kafin ku kai Kano. In aka ɗaga kujerun bayan, but ɗin da ya rage da ƙyar ya ɗauki jaka biyu. Sienna kuwa akwai mai kujera takwas, kuma bayan layi na uku akwai rami mai zurfi da zai haɗiye akwatuna da kulolin abinci har da buhun shinkafa. Ka kuma tuna da Hajiya. Ƙasan Sienna bai da tudu, ƙofarta janta ake yi gefe, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta shiga ba sai an ɗaga ta ba. Yara ma ba za su riƙa buga ƙofa a jikin motar maƙwabci ba. Injin kusan ɗaya ne a motocin biyu, mai silinda shida, don haka ba wani ƙarfi za ka rasa ba. Abin lura ɗaya: Sienna ta 2004 zuwa 2006 mai injin lita 3.3 da bel ɗin taimin take aiki, sai an riƙa canza shi a kan lokaci, daga 2007 mai 3.5 kuwa sarƙa ce.

Batun motar haya kuma, ai shaida ce abokanka suka ba ta. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Kaduna da Abuja ba ya zaɓen motar da za ta kwantar da shi a hanya. Saboda yawanta ne kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sai an aika Legas ba. Sayi Sienna, Allah ya sa alheri.

Wani kuma daga Daura ya ce yana da gona a wajen Sandamu, yana zuwa da iyali da damina, hanyar duk rairayi da kwari. Alhaji, kai jif ce taka. Sienna doguwa ce, cikinta kusa da ƙasa, za ka riƙa jin tana gurzar ƙasa, wata rana ka fasa mata tukunyar baƙin mai. Amma kada sunan jif ya ruɗe ka, Highlander da yawa tayoyin gaba kaɗai ke ja. Ka sa bakanikenka ya leƙa ƙasanta ya ga ko akwai farfela da ta tafi baya. In babu, a cikin rairayi ba ta fi Camry da komai ba sai tudu.

Akwai wanda ya tambaya wacce ta fi sa a girmama mutum in ya je ɗaurin aure, baƙar jif ko fara. Ba ni da amsar wannan. Masu bara a ƙofar masallaci za su fi yi maka kirari da jif, in shi kake nema.

Wata malamar makaranta daga Sabuwar Unguwa ta rubuto cikin damuwa. Mijinta ya rasu, ta samu kasonta na gado, yaranta uku, 'yan'uwa suna ta matsa mata ta sayi babbar mota, ita kuma tana tsoron kuɗin mai. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayu. Tsoron nan naki daidai ne, kada ki bari a kore miki shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, inji mai silinda shida ya zama nauyi ga mai albashi, Sienna da jif duk shan su ɗaya. Ku huɗu ne, Corolla mai lafiya ta ishe ku kai yara makaranta da zuwa aiki. Ranar da tafiyar dangi ta taso, a ɗauki shata, a biya, a huta. Ragowar kuɗin ki adana wa yaran nan. Masu matsa miki ba su za su tsaya a gidan mai ba.

Sai wasiƙar da ta tayar min da hankali. Wani matashi ya ce ya ƙarar da duk abin da ke hannunsa ya sayi Honda Pilot, tayoyinta sun suɗe, yana so ya kai iyali ƙauye da Sallah, ko zai iya sa tayar Beljiyam kafin Allah ya hore.

Ɗana, a'a. Kuma ba kai kaɗai nake yi wa wannan magana ba. Na gaji da ganin mutum ya zuba miliyoyi a kan mota, ya sa mata baƙin gilashi da sabuwar rigar kujera, sannan ya tafi bakin titi yana cinikin tsohuwar tayar da wani ya yar a wata ƙasa. Ku da kuke sayen mota mai layi uku, mutum bakwai ko takwas kuke lodawa, ga kaya a but, wani lokaci har a saman mota. Duk wannan nauyi a kan taya huɗu yake. Ku ɗora masa zafin kwalta na watan Afrilu da tsakar rana tsakanin Mashi da Daura, da gudu. Tsohuwar taya a irin wannan yanayi ba ta sallama, fashewa take yi, kuma mota mai tudu ta fi saurin kifewa in taya ta fashe mata.

Mai sayarwa zai shafe ta da mai ta yi ƙyalli, ya nuna maka zanenta ya ce duba, ko rabi ba ta ci ba. Zane ba ya nuna shekaru. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba. Durƙusa ka duba gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, an ƙera ta a mako na 23 na 2017 ke nan. Ka kuma matsa gefen da yatsa ka duba ko akwai ƙananan tsage-tsage. In ka ga wurin lambar an kankare ko an goge, ajiye ta ka yi gaba, ko kyauta aka ba ka. Sabuwar taya ma a duba mata, don akwai wadda ta yi shekaru a sito. Jami'an kiyaye haɗurra sun yi ta wannan gargaɗi har muryarsu ta dushe, mu kuma sai mu ɗauka neman na goro suke.

Haka batun baƙin mai yake. A saye shi a galan da aka sake cikawa don ragin 'yan kuɗi kaɗan, bayan wata shida a zo ana kukan inji ya buga. Ku sayi mai a wurin da kuka sani, ku duba hatimin murfin, ku tsaya a yi juye a gabanku. Sayen na gari mai da kuɗi gida ne. Duk wanda kuɗinsa iyakar farashin motar ne, babu na taya huɗu da juye da gyaran ƙafa, to kuɗin motar bai cika ba tukuna, ya sauka zuwa wadda ta fi araha. Kai kuma ɗana, ajiye Pilot ɗin a gida, ku hau ta haya wannan Sallar. Babu wanda ya taɓa mutuwa don an gan shi a tasha.

Mai tambaya a kan Sienna mai jan taya huɗu: ka sani ba ta zuwa da safaya, sai ka saya ka nema mata wuri a but.

Wanda kuma aka yi wa tayin jif mai araha da aka shigo da ita ta wajen Maraɗi, dillali ya ce takardu suna nan tafe: a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka riƙe takardar kwastam a hannunka, ka gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da wadda ke jikin motar, sannan ka je ofishinsu su tabbatar maka ta gaske ce.