Mijina ya dage sai Dauda, ni kuma gani nake sunan tsofaffi ne

Tambaya: Anti barka da aiki. Watan haihuwata ya kama, sikanin ya nuna namiji, maigida ya ce Dauda zai saka saboda sunan babansa ne. Ni kuma gaskiya sunan bai kwanta min ba, gani nake na tsofaffi ne, kuma wata ƙawata ta ce wai ma sunan Yahudawa ne. Haka ne? Me yake nufi? (Daga wata baiwar Allah a Zariya)

Amsa: Ƙanwata Allah Ya sauke ki lafiya. Ƙawarki ta faɗi rabin magana ne ta bar rabi. Eh asalin sunan daga yaren Ibrananci yake, can ana rubuta shi da harafi 3 kacal, su ce Dawid, Larabawa suka ce Dawud, mu muka ce Dauda, Turawa suka ce David. Amma in don wannan ne za a guje shi to sai a haɗa da Yusuf da Yakubu da Isiyaku da Sulaiman a guje su gaba ɗaya, don duk ta ƙofa ɗaya suka shigo mana. Ma'anarsa kuwa abin ƙauna, wanda ake so. Ke da kanki in an ce ki zaɓo wa jariri ma'ana ban ga wadda za ki ɗauko ta wuce wannan ba.

Abin da ya riƙe sunan tsawon shekara wajen 3,000 shi ne mai sunan. Annabi Dauda (AS) sau 16 aka ambace shi a Alƙur'ani, shi ne ya kashe Jaluta kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 251, shi aka ba Zabura, kuma a suratu Saba'i aka ce an tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, wato sarki ne guda amma da sana'ar hannunsa, ni wannan ɓangaren ya fi burge ni wallahi. Har yau in mutum yana azumi yau ya sha gobe ai azumin Annabi Dauda muke cewa. Kiristoci kuma a Littafi Mai Tsarki suna karanta cewa makiyayi ne ɗan Baitalami, auta a gidansu, ya yi sarauta shekara 40, 7 a Hebron 33 a Urushalima. A 1993 ma masu tonon kayan tarihi sun samu wani dutse a Tel Dan da ke arewacin Isra'ila mai rubutun "gidan Dauda" a jiki. Musulmi na sa sunan, Kirista na sawa, Bayahude na sawa, shi ya sa duk ƙasar da yaron ya je ba wanda zai tsaya yana tambayarsa yaya ake faɗa.

Batun tsufa kuma, to ai abin da ya tsufa bai mutu ba shi ake nema. Kano ta yi sarki Dauda tun wajen 1421, Songhai ta yi Askiya Dawud daga 1549 zuwa 1582, a Amurka kuma David ne sunan da aka fi raɗa wa yara maza a 1960. Sunayen yayi da ake tsinta a fim ko a TikTok shekara 10 ta yi musu yawa, sai ki ji suna ki gane shekarar da aka haifi mutum.

Inda kike da gaskiya shi ne tunda sunan surukinki ne ba za ki iya kama shi gatsau ba, dole a yi masa alkunya. Nan ne filinki. Ki bar wa maigida sunan yanka ke ki zaɓi na kira, Abba ne ko Baffa ko wani da ya yi miki daɗi a baki, kowa ya samu nasa ba rigima.

Tambaya: Salam Anti. Saura kwana kaɗan sunan ɗana, zan ba da bugun kofuna da memo da jakunkunan rabo. Mai shagon ya tambaye ni Dauda zai rubuta ko Dawud ko Dawood, wai na ƙarshen ya fi kama da na 'yan gayu. Wanne zan ɗauka? (Daga wani magidanci a Kaduna)

Amsa: Malam Allah Ya raya. Kofi ba matsala ba ne, ko me aka rubuta shayi za a sha a ciki. Takardu ne abin ji. Duk rubutun da ka zaɓa shi za ka kai wa hukumar ƙidaya a yi takardar haihuwa, shi zai hau NIN, shi zai hau rajistar makaranta, in ka bari wannan ta ce Dauda waccan ta ce Dawood to ranar da yaron zai yi JAMB ko fasfo sai an sha yawon kotu ana rantsuwar gyaran suna, ga kashe kuɗi ga ɓata lokaci.

In ra'ayina kake tambaya, Dauda ko Dawud. Dauda shi ne yadda bakinmu ya saba, kakarsa ma haka za ta kira shi ko me ka buga. Dawud ya fi kusa da Larabcin in kana hango masa karatu a Madina ko Alƙahira. Dawood mai o biyu salon rubutun mutanen Indiya da Pakistan ne, ba laifi ba ne amma a nan kullum sai ya tsaya yana gyara wa ma'aikata.

Wajen bugun kuma kar ka biya kuɗi duka, ka ba da rabi, ka ce a turo maka samfur a WhatsApp ka karanta harafi bayan harafi kafin a buga sauran. Ka lura musamman kar wani mai ƙwazo ya sa wa d na biyu lanƙwasa, don da ita kalmar ta koma wani abu daban da ba ka so a raba wa mata a gidan suna. Kuma kar ka buga da yawa, jaka da memo sun fi kofi tafiya, ragowar kuɗin ka ƙara a kan na rago.