Game da allurar Sinawa da ciwon bayanki

Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin tambaya ko akufanca, wato tsira allurai irin na Sinawa, za ta raba ki da ciwon bayan da ya ƙi jin magani.

An taɓa yi mini a kafaɗa. Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta da rami, kuma ba a ɗura komai cikinta. Shigarta kamar cizon sauro, sai wani nauyi-nauyi ya biyo baya a wurin. Na kwanta wajen minti 20 kafin a zare su. Sinawa na cewa tana buɗe hanyoyin wani ƙarfi da suke kira "ci" a jiki, likitocin zamani kuma na ganin jijiyoyi take taɓawa har jiki ya saki sinadaran rage zafi. Ga ciwon baya, wuya ko gwiwa da ya daɗe, mutane da dama na samun sassauci. Amma duk wanda ya ce miki tana warkar da ciwon suga ko hawan jini, kuɗinki kawai yake so.

Ki fara zuwa asibiti a gano musabbabin ciwon, musamman idan ƙafa na mutuwa. In za a yi miki, a ɓare sabbin allurai a gabanki, don tsohuwar allura na yaɗa ciwon hanta, kamar dai askar wanzami. Idan kina da juna biyu ko kina shan maganin tsinka jini, ki faɗa wa masu tsira allurar tun kafin ki kwanta.